Man Gyaɗa a Kubar Baba

A gidanmu na Bungudu akwai ɗaki guda da ba a kwana a cikinsa, amma ya fi kowane ɗaki daraja, har da turakar Baba. Ɗakin hatsi ne. Tun da aka daina yarda da rumbu a bayan gida, Baba ya sa aka gina shi da bulo a kusurwar tsakar gida, aka sa masa ƙofar ƙarfe mai kuba, irin wadda ake zura mabuɗi a jikin ƙofar a murɗa sau biyu, ba kwaɗon ratayawa ba. Gero da dawa da masara da wake, duk abin da gona ta bayar can yake shiga. Mabuɗin kuwa ɗaya ne tak, ɗaure da wani jan ƙyalle, kuma a aljihun Baba yake kwana.

Wanda bai tashi a irin gidanmu ba zai ce ai mabuɗi ne kawai. To, ya faɗi son ransa. Kowace safiya bayan an sha kunu Baba zai buɗe, ya auna wa Inna hatsin tuwon ranar da tiya, ya kulle, ya koma zaure ya zauna a kan buzunsa. A nan ne aikin mabuɗin na gaskiya yake farawa. Mutane za su riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, a gaisa, a tambayi gida, a tambayi ruwa, a yi ta zagaye, kowa da ɗan buhu ko leda a naɗe a hammata. Baba ba ya bari mutum ya kai ga faɗar abin da ya kawo shi. Da ya hango abin da ke hammata sai ya ce a ɗan jira shi, ya shiga ciki. Tun da gonakin nesa suka gagari zuwa, masu irin wannan gaisuwa suka ninka, gonarmu kuwa tana nan yadda take.

Ni ne ɗa na biyu a wurin Baba. Ina koyar da kimiyya a wata sakandare a Gusau, kuma in faɗi gaskiya na daɗe ina ganin wannan ya ba ni lasisin gyara wa kowa magana. Baba yana kirana Malam, amma da wata irin murya da in ka saurara da kyau ba girmamawa ba ce zalla. Yayana, ɗan farinsu, yana Tsafe yana sayar da hatsi. Shi Baba ba ya kama sunansa, ba ya ma kallonsa ido cikin ido, saboda kunyar ɗan fari. "Mutumin Tsafe" yake ce masa, ko da kuwa mutumin Tsafen yana zaune a gabansa yana shan furarsa. Gusau tana tsakanin garuruwan biyu, ni ma haka nake tsakaninsu a kowace rigima, sai dai kullum ina karkata wajen Baba.

Wata damina kubar nan ta fara tauri. Da safe sai ka ji Baba a bakin ƙofa yana fama, yana tura ta da kafaɗa, yana yi wa waɗanda suka ƙera ta addu'ar shiriya, yana cewa kayan yanzu duk algus ne. In ya gaji sai ya ɗaga murya ya ce wa Inna ta zo ta gwada, wagga kuba ta tashi da halinta. Inna za ta zo da wata doguwar ƙusa da ta ajiye don wannan aikin, ta zura ta a ramin kan mabuɗin, ta kama da hannu biyu ta murɗa tana cije leɓe, har sai an ji ƙaras. Sai Baba ya karɓi mabuɗinsa ya shiga ya yi awo. Na gwada da kaina wata Asabar, sai da na yi gumi. Yaya da yake ɗaukar buhu kamar matashin kai, shi ma sai da ya lanƙwasa ƙusar. Tauri dai na gaske ne, babu wanda zai ce ƙarya ake yi wa kubar.

Ranar wata Juma'a da aka ba mu hutu na gano dalili, ko in ce na ɗauka na gano. Kafin a tafi masallaci na iske Baba tsugunne a gaban ƙofar da ɗan murfin kwalba da gashin kaza a hannu. Man gyaɗa ne a murfin, mai kyau kuwa, irin wanda ƙanwar Inna take aiko mana daga Nahuce in ta yi ƙuli-ƙuli. Yana tsoma gashin yana ɗura wa ramin kubar a hankali, kamar mai ba jariri magani. Kiyashi sun yi layi tun daga ƙasa har bakin ramin, suna ta hidimarsu. Na tuna muna yara yana da wani ɗan gwangwanin man keke mai dogon baki, da shi yake yi wa kekensa da kubar da almakashin Inna. Na tambaye shi ina gwangwanin. Ya ce wancan ya daɗe da ƙarewa. Nan take na yanke hukunci a raina cewa tsufa ne ya haɗu da tsumulmula.

Sai na gyara tsayuwa na fara darasi. Na yi masa bayanin yadda man girki yake daskarewa in ya daɗe, ya zama danƙo, ya kama ƙaiƙayin gero da garin dawa da ke tashi a ɗakin, ya cushe haƙoran kuba. Na nuna masa kiyashin a matsayin hujja. Har da zane na yi masa a ƙasa da tsinke, Allah ya yafe mini. Ya saurare ni har na kai aya, bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "To Malam, mun ji karatu." Ya sake tsoma gashin kazarsa.

Shi Yaya nasa karatun daban ne. Ya kira ni a waya ya ce in daina wahalar da kaina da zancen mai, matsalar ba a kuba take ba, a hannun Baba take, shi ya daɗe yana lura. Ya ce ƙari ga haka hatsin nan ba zai kai mu kaka ba, tunda Baba ya mayar da ɗakin hatsin gidanmu na gari gaba ɗaya, kuma bara ma shi ya riƙa ciko a ɓoye daga shagonsa. Shawararsa ita ce mabuɗi ya dawo hannunsa, ya riƙa zuwa duk mako yana fitar wa Inna na kwana bakwai, Baba ya huta. Wallahi ban san lokacin da na hau shi ba. Na ce masa ya ji tsoron Allah, mutum yana raye yana tafiya da ƙafarsa ana so a ci gadonsa. Na ce kubar da shi kansa ya kasa buɗewa sai da ƙusa, ita zai kafa hujja da ita a kan tsoho? Na faɗi wasu maganganun ma da ba zan rubuta su a nan ba. Muka yi wata guda matanmu ne suke kai gaisuwa tsakaninmu.

Maganar ta kai gaban Baba wata Asabar da muka haɗu a gida. Yaya ya zauna a bakin ƙofar zaure yana kallon bango, ya faɗi abin da ke ransa da ladabi, yana ta "a yi haƙuri" da "ba don komai ba". Akwai dattawan unguwa biyu a wurin. Baba shi ma ya kalli nasa bangon ya ba da amsa.

"A hwaɗa ma mutumin Tsafe, kuba ta gagari kowa, ba ni kaɗai ba. Ranar da ta buɗu ga kowa ta ƙiya mini, ya zo ya amshi mabuɗi."

Duk Bungudu an san Baba ba ya mayar da magana in ta fita. Ni kuwa daɗi ya cika ni, domin na ga hanya a buɗe. Abin da ya rage kawai in gyara kubar, Baba ya buɗe ta da hannunsa a gaban kowa, zancen ya mutu, mutumin Tsafe ya koma Tsafe da kunyarsa. A motar komawa Gusau har na fara tsara kalmomin da zan faɗa masa, ina gyara su ina murmushi, har matar da ke kusa da ni ta matsa gefe.

Akwai wani mai yanka mabuɗi da gyaran kuba a bakin kasuwa a Gusau, mutumin Kudu ne, Kirista, ya zo garin tun ban yi aure ba, kuma Zamfarcinsa ya fi nawa nauyi, don ni boko ya ɗan wanke mini baki. Yana zama ƙarƙashin wata lema da teburi cike da mabuɗan da ƙofofinsu suka daɗe da mutuwa. Na je masa ne don ya tabbatar mini da abin da na riga na sani. Da na ambaci man gyaɗa ya ajiye abin da ke hannunsa ya yi dariya har da tari. Ya ce babu man da bai kwaso daga cikin kubar mutanen garin nan ba: man gyaɗa, man shanu, man kaɗe, man kitso, baƙin man inji, har da manja, kuma manjan a gidansa aka yi, matarsa ce ta taimaka masa wata rana da ba ya nan. Ya ce mutanenmu suna ɗaukar kuba kamar baƙo, in ta yi ƙorafi sai a ba ta abin da ake ci a gidan.

Ya ce kuba ba ta son jiƙa. A cire ta, a wanke da kananzir har sai ruwan ya fito fari, a shanya ta bushe ƙarau, sannan a kankare bakin fensir a hura garin a ciki, a shafa wa mabuɗin ma. In dole sai an sa mai, to ɗigo ɗaya na man keken ɗinki, ba ƙari. Na ce masa ai abin da nake ta faɗa ke nan. Ya tambaye ni kubar wa ce. Na ce ta mahaifina. Ya ce shi ya aiko ni? Na ce ƙwarai kuwa. Ƙarya ce ƙarama, a lokacin ban ma ji nauyinta ba. Na biya shagon littattafai na zaɓi fensira biyu masu taushin baki, na ɗauki sukuddireba a gida, na zauna jiran rana.

Ranar ta zo da kanta. Inna ta gaya mini a waya cewa Asabar za a shanya wake saboda ƙwari, kuma na san in ana shanya ƙofar a buɗe take wuni, mabuɗi a jiki. Ta ƙara da cewa Baba zai je ɗaurin aure Nahuce, sai bayan azahar. Na kira Yaya, karo na farko bayan rigimarmu, na ce ya zo gida da la'asar akwai magana. Ya tambayi ko lafiya. Na ce lafiya lau, har ma ta yi yawa.

Na iso da hantsi, wake ya cika tsakar gida a kan tabarmi da buhuna. Inna tana ganin sukuddireba a hannuna fuskarta ta canza. Ta ce in bar kubar nan. Na ce minti nawa ne. Ta ce su da suke buɗe ta sun kawo mini kuka ne? Na nuna mata wuyan hannunta da ya kumbura saboda murɗa ƙusa kullum. Ta ja hannun rigarta ta rufe, ta ce ai hannunta ne ba nawa ba. Na durƙusa na fara kwance kusoshi. Ta tsaya a kaina, abin da ba ta saba yi ba.

"Malam, ka jira ubanka shi dawo. Don Allah na roƙe ka."

Inna ba ta taɓa roƙona komai ba a rayuwata, umarni take bayarwa. Mai hankali da nan ya tsaya ya tambayi kansa. Ni kuwa sai na ce a raina, Allah sarki, tsoron faɗan Baba take yi, na ce mata kar ta damu, ni zan ɗauki laifin. Ta daɗe tana kallona, sannan ta juya ta shige madafa, ban sake jin muryarta ba sai ƙarar muciya.

Abin da na fitar daga cikin kubar nan, da na kai shi aji da ya ishe ni darasin mako guda. Wani baƙin danƙo ne kamar ƙanzon tukunya, cakuɗe da ƙaiƙayi da gawarwakin kiyashi, ga wari irin na tsohon mai. Na zuba kananzir a kwanon sha na almuniyam, na dirje ta da tsohon burushin haƙori, na sake ruwa sau huɗu. Na ɗora ta a kan kwanon rufin bayi ta sha rana. Na zauna a inuwa na kankare fensira biyun da reza a kan takarda, na naɗe takardar na hura garin a ciki, har da baƙi a leɓena. Da na mayar da ita na ɗaure na zura mabuɗi, sai ya juya kamar cokali a kunu. Da yatsa biyu. Na kulle na buɗe ya fi sau ashirin, ni kaɗai a tsakar gida da wake da kaji. Ban taɓa jin daɗin ilimina kamar wannan hantsin ba.

Baba ya dawo bayan azahar ya kwanta, bai bi ta wajen ƙofar ba. Da la'asar maza biyu 'yan unguwa suka zo taya mu kwashe waken, Yaya ma ya iso ya cire riga ya kama. Da buhun ƙarshe ya shiga, Baba ya fito don a kulle, Inna ta fito da ƙusarta. Sai na ce a dakata. Na yi gyaran murya. Na yi jawabi, jama'a, jawabi sosai, a kan yadda ake ɗora wa bayin Allah laifin da ba nasu ba, alhali laifin na man gyaɗa ne. Ban kalli Yaya ba, amma kowa ya san da wa nake. Na kulle ƙofar da yatsa biyu, na buɗe, na sake kullewa. Na ce Yaya ya gwada. Ya zo da ƙarfinsa irin na da, mabuɗin ya juya tun kafin ya shirya, har ya kusa faɗuwa. Maƙwabtan nan biyu ma na sa suka gwada, suna ta mamaki suna tambayar wane irin mai ne. Na ce babu mai ko ɗigo, fensir ne. Na ce Inna ta gwada, ta ce hannunta da gari.

Sai na zare mabuɗin, na durƙusa, na miƙa wa Baba da hannu biyu. Na ce, "Baba, bisimilla."

Ya daɗe yana kallona. Babu fushi a fuskarsa, da ma akwai da ya fi mini sauƙi. Ya karɓa da hannun hagu ya sa a na dama, kuma sai a lokacin na lura cewa haka ya daɗe yana karɓar komai. Ya matsa gaban ƙofar. Sai a karo na uku mabuɗin ya sami ramin. Ya kama kansa tsakanin babban yatsa da manuni ya murɗa, yatsun suka zame. Ya sake kamawa, suka sake zamewa. Babban yatsan nan yana kwance a kan ƙarfen kamar ba nasa ba. Bai tura da kafaɗa ba, bai yi wa maƙera addu'ar shiriya ba, bai ce kayan yanzu algus ne ba, domin na riga na wanke duk wannan da kananzir. Ya gwada na uku. Maƙwabtanmu suka sunkuyar da kai, ɗaya ya fara tsince waken da ya zube a ƙasa ƙwaya-ƙwaya.

Yaya ne ya yi magana, fuskarsa a bango, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya ce ƙila gyaran ne bai gama zama ba, a bari sai gobe. Mutumin da na ce yana son cin gadon mai rai, shi ne yake neman wa Baba mafita, ni da na zo kare shi ina durƙushe da baƙin fensir a baki.

Baba ya zare mabuɗin da hannun hagu. Ya miƙo shi gefe ba tare da ya waiwaya ba, kuma ni ne a gefen.

"A ba mutumin Tsafe."

Yaya ya ce shi ba zai karɓa ba, ya janye maganarsa, a yafe masa. Baba ya ce ya faɗi magana gaban mutane, kuma ga mutane. Ya juya ya nufi turakarsa. Da hannuna na ɗauki mabuɗin nan na taka taku huɗu na sa a hannun yayana, yana kuka ina kuka, maƙwabta suka sulale ba sallama.

Na iske Inna a madafa tana tuƙa tuwon da bai kai lokacin tuƙawa ba. Ba ta ɗago ba ta gaya mini sauran. Damina biyu da suka wuce Baba ya tashi wata safiya babban yatsansa ba ya jin komai, ya hana ta faɗa wa kowa. Ita take sa masa maɓallin riga, ita take ɗaure masa mazagi. Da ya ga mabuɗi ya fara gagararsa, shi da kansa ya ce ta zubo masa man gyaɗa a murfi, ya yi makonni yana ɗurawa har kubar ta yi taurin da zai gagari kowa. Gwangwanin man keken yana nan ƙarƙashin gadonsa, ko rabi bai yi ba.

"Mutumin da ya shekara talatin yana kwance kekensa yana ɗaurawa, kai za ka koya ma mai?"

Na ce to me ya hana ta gaya mini da safe, tunda ta ga abin da zan yi. Ta ce ya sa ta yi alkawari, kuma ko ba alkawari, ni ana faɗa mini magana in ji ne? Kunya ce ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, da haushin kaina, da tausayin Baba. Na yi tunanin kowace Juma'a da ya tsuguna da gashin kaza yana ɓata kubarsa da gangan, yana sane, da ranar da ɗansa malamin kimiyya ya tsaya a kansa yana yi masa zane a ƙasa da tsinke.

Ba zan ce Yaya ya yi mugunta da mabuɗin ba, don bai yi ba. Duk mako yana zuwa, duk da halin da hanyar take ciki, ya fitar wa Inna na kwana bakwai har da ɗori. Sau biyu yana barin mabuɗin a kan buzun Baba kamar ya manta, sau biyu Baba yana ba direban motar Tsafe ya kai masa har shago. A shekarar hatsinmu ya kai kaka har da saura, abin da aka daɗe ba a gani ba. Kubar kuwa har yau ba ta sake tauri ba, duk wanda ya tambaye ni abin da ake sa wa kuba ina gaya masa fensir, kuma gaskiya nake faɗa. Yaya ya yi daidai a kan hatsi, ni na yi daidai a kan mai. Gidanmu bai taɓa cika da masu gaskiya kamar wannan shekarar ba.

Baba bai taɓa tayar mini da maganar ba, ko sau ɗaya. Na je neman gafara washegari, ya ce gafarar me, ai gyara na yi, kuma gyaran ya yi kyau. Bai daina zama a zaure da safe ba. Masu gaisuwa ne suka ragu, domin labari ba ya kwana a Bungudu.

Bayan kamar wata biyu na zo wata Asabar da safe, muna zaune ni da shi a zaure, sai ga wani tsoho ya yi sallama. Sa'an Baba ne, tare suka yi ƙuruciya, daga wani ƙauye da mutanensa suka watse ya dawo cikin gari wajen 'yarsa, da alama labarin bai kai masa ba. Akwai ɗan buhu a naɗe a hammatarsa. Suka gaisa, suka tambayi gida, suka tambayi ruwa. Na ga idon Baba ya sauka a kan buhun ya ɗauke. Suka koma kan waɗanda suka rasu, suka lissafa su kaf. Suka koma kan ciwon gwiwa. Hira ta ƙare, tsohon bai tashi ba, Baba bai ce a ɗan jira shi ba. Hatsin makon da ke wurin Inna ya kusa ƙarewa, Yaya sai jibi.

Can Baba ya ce in kama shi ya tashi, yana son ya gaya mini wata magana. Muka shiga soro na biyu inda baƙon ba zai ji ba. Ya riƙe hannuna da hannunsa na hagu, ya rage murya.

"Malam, wayarka na kusa? Kira mini yayanka. Ka tambaye shi ko da hali a ba wanga bawan Allah tiya biyu in ya zo jibi. Ka ce ni na roƙa." Sannan ya ƙara da cewa, "In ya ce babu, kada ka ja da shi."

Ya koma zaure wajen baƙonsa, na ji yana ce masa a kawo fura tukuna, rana ba ta yi ba. Ni kuma na fita bayan katanga inda waya take kamawa, na kira. Yaya ya ɗauka a bugun farko. Sai da ya yi sallama sau uku kafin na iya amsawa.